'Yata ta rasu, ina so in rubuta mata waƙa: ya halatta, kuma ta ina zan fara?

Wata uwa daga Aboabo a Kumasi ta aiko da wannan tambaya: "Wata huɗu ke nan da rasuwar 'yata, shekararta shida, kuma ita ce ta fari. Zazzaɓin kwana uku ne ya tafi da ita. Tun ranar magana ta cika mini ciki, ba ni da wanda zan faɗa wa. Ina so in rubuta mata waƙa, amma ban taɓa yin waƙa ba, Hausar ma ban koyi rubuta ta a makaranta ba. Surukata kuma ta ce wannan rashin tawakkali ne. Ya halatta? In ya halatta, ta ina zan fara?"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar'uwa, Allah ya ba ki haƙuri, ya sa mai ceto ce, ya haɗa ku a Aljanna.

Rubuta mata waƙa bai saɓa wa tawakkali ba. A lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake kan gargara, bai ko cika shekara biyu ba, Annabi ya ɗauke shi hawaye suna zuba. Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, sai Annabi ya ce masa wannan rahama ce. Sannan ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi, kuma lalle mu masu baƙin ciki ne da rabuwa da kai, ya Ibrahim. Ki lura da ƙarshen maganar: ya kira yaron da sunansa, ya yi masa magana kai tsaye, ya faɗi zafin da yake ji bai ɓoye ba. Abin da marsiyya, wato waƙar makokin mamaci, take yi ke nan. Annabi Yaƙubu ma ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma da 'ya'yansa suka yi masa magana sai ya ce ga Allah kaɗai yake kai kukansa da baƙin cikinsa. Wannan yana cikin Suratu Yusuf, aya ta 84 zuwa ta 86.

Abin da shari'a ta hana a fili yake: kururuwa, marin fuska, yage tufafi, da maganar da ke tuhumar hukuncin Allah. Kwana ukun da ake ambata kuwa na zaman makoki ne da barin ado, ba wa'adin da zuciya za ta daina ciwo ba ne. Saboda haka duk layin da kika rubuta ki yi masa tambaya uku. Gaskiya ne? Akwai tuhumar Ubangiji a ciki? Akwai zargin wani mutum ba tare da hujja ba? In ya tsallake waɗannan, ki bar shi a takarda. In wani layi ya tsaya miki a rai, ki karanta wa malami ko malamar da kika amince da iliminta.

Surukarki kuma kada ki ja da ita. Mata da yawa na zamaninsu sun binne 'ya'ya aka ce musu su haɗiye, su ma abin da suka sani ke nan. Ga kuma alkunyar ɗan fari da muka gada: uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta nuna ɗokinta a gaban mutane, kuma ran da aka rasa ta ana sa ran uwar ta fi kowa dannewa. Mutane suna shigowa suna cewa "ya haƙuri?", ke kuma kina amsa "da godiya", har addu'ar arba'in ta wuce ba wanda ya tambaye ki wace irin yarinya ce. Wannan shi ne maganar da kika ce ta cika miki ciki. A takarda kina da damar kiran sunanta na yanka, sau nawa kika ga dama. Ba sai kin nemi izinin kowa ba, ba kuma sai kin nuna wa kowa ba.

Ba baƙon abu za ki yi ba a cikin Hausawa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta yi marsiyya ga ɗan'uwanta Muhammadu Bello, da mijinta Giɗaɗo, da ƙawarta A'isha, kuma ba wanda ya isa ya ce ba ta san tawakkali ba. A nan Gana muna da Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga, ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, ciki har da ta annobar mura ta 1918, kuma shi ma ya yi wa ɗansa marsiyya. Ana ajiye da kwafen rubuce-rubucensa a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon.

Yanzu ga aikin kansa. Shawararmu ta farko ita ce kada ki fara da waƙa. Masu farawa da neman baiti su ne suke ajiye biro a rana ta biyu, domin sai su ga abin da ke fitowa kalmomin kowa ne: duniya ba wurin zama ba ce, mutuwa rigar kowa. Gaskiya ne, amma ba 'yarki a ciki. Waƙa kamar damun koko take, sai an jiƙa gero an niƙa an tace kafin a kai ga tukunya. Geronki shi ne ƙananan abubuwan da ke kaɗai kika sani game da ita, kuma su ne suke fara dusashewa.

Kafin ma littafi, ki fara da waya, a makon nan. Duk hoto, bidiyo da saƙon murya da ke ɗauke da muryarta, ki kwafe su wuri biyu: ki tura wa 'yar'uwarki ɗaya da kika yarda da ita, ki kuma sa a ɗora su a katin waya na daban ko a kwamfuta. Saƙonnin WhatsApp suna ɓacewa in waya ta faɗa ruwa, ko an sace ta a trotro, ko an canza lamba ba a adana ba. Iyaye da yawa sun rasa muryar ɗansu ta wannan hanya, kuma ba ta dawowa. In ba za ki iya kallon hotunan yanzu ba, ki miƙa wa wani ya yi miki.

Sai ki sayi littafin rubutu mai bango mai tauri, da biro. Kada ki yi da fensir, yana gogewa. Kada ki yi a kan takardu warwatse. Damina a Kumasi tana jiƙa takarda ko a cikin ɗaki, don haka ki riƙa ajiye shi a cikin leda ko gwangwani mai murfi, a inda yara ba za su kai ba. Kowane shafi ki sa kwanan wata a sama. Bayan shekara za ki ga amfanin wannan.

Shafukan farko ki cika su da jeri kawai, ba tare da neman daɗin magana ba. Kalmomin da take karyawa in tana magana. Abin da take kiran ki da shi, da abin da take kiran babanta. Surar da ta tsaya a kai a makarantar allo. Abincin da take turewa, da wanda take lashe kwano a kansa. Wajen da take kwanciya a katifa. Tsoronta. Rigar sallarta ta ƙarshe, launinta da wanda ya ɗinka. Faɗanta da ƙannenta. Ki sa har da rigimarta da ƙiwuyarta, domin yarinyar da ba ta da laifi ko ɗaya ba ita ce kika haifa ba, kuma in kika wanke ta tas a rubutu za ki wayi gari ba ki gane ta ba. Ki nufi abu talatin ko fiye, a cikin mako biyu. Katin awonta na asibiti da littafinta na makaranta za su tuna miki da abubuwan da kika manta. Ki tambayi kakarta ma, wato surukar taki, abin da take tunawa. Sau da yawa wannan tambaya ita ce take sassauta tsakanin uwa da suruka fiye da kowace hujja.

Game da rubutun Hausa, kada ya tsayar da ke. Hausa ba ta cikin harsunan da ake koyarwa a makarantun gwamnati a Gana, saboda haka mafi yawan 'yan zango da kunne suke rubuta ta. Ki rubuta yadda kike furtawa. In kin fi sakin hannu da ajami, ki yi da ajami. In Twi ko Turanci ya shigo cikin layi domin haka yarinyar take faɗa, ki bar shi yadda yake. Kada ki mayar da bakinta Hausar Kano in ba ita take yi ba. Haruffa masu lanƙwasa da sauran ƙa'idoji ana iya gyara su daga baya. In rubutu ya gagara gaba ɗaya, ki ɗauki muryarki a waya, wani ya kwafe miki.

Bayan jerin, sai wasiƙa zuwa gare ta. A nan akwai ma'auni da masana halayyar ɗan'adam suka gwada. Wani masani Ba'amurke, James Pennebaker, ya fara wannan gwaji a 1986: mutum ya zauna minti 15 zuwa 20 yana rubuta abin da ke damun sa ba tsayawa, kwana uku ko huɗu a jere. Ki ɗauki wannan awo. Ki sa agogon waya, in ya buga ki rufe littafi ko kina tsakiyar jimla. Ki zaɓi hantsi ko bayan la'asar, lokacin da akwai mutum a gida kuma akwai aikin da ke jiran ki bayan kin tashi. Kada ki yi bayan isha'i, domin abin da kika tono shi zai bi ki shimfiɗa. Ki sani kuma cewa awa ɗaya ko biyu bayan rubutun jiki yakan yi nauyi, kuka yakan ƙaru. Wannan sananne ne, yana wucewa. In kuwa kika ji numfashi yana sarƙewa ko kanki yana juyawa, ki tsaya nan take, ki yi alwala, ki fita tsakar gida inda mutane suke. Kada ki tilasta wa kanki.

Dole mu faɗa miki gaskiya a kan abin da rubutu zai iya. Binciken da aka yi a kan waɗanda aka yi wa rasuwa bai nuna cewa rubutu shi kaɗai yana rage baƙin ciki ga kowa ba. Wasu yana taimaka musu, wasu ba ya canza komai. Saboda haka kada ki auna littafinki da cewa "na yi wata guda ina rubutu, har yanzu ina kuka". Ba don ya ɗauke kuka kike yi ba. Kina yi ne domin yarinyar ta samu wurin da aka ajiye ta daidai yadda take, kuma maganar da ke cikinki ta samu mafita. Masana biyu a Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun bayyana a 1999 cewa mai baƙin ciki yana kaiwa da komowa ne tsakanin fuskantar rashin da komawa ga hidimar rayuwa, kuma dukkan biyun ana bukatarsu. Ranar da kika je kasuwa kika yi ciniki ba ki buɗe littafi ba, ba ki ci amanarta ba.

Daga wasiƙun nan waƙar za ta fito. Ki koma ki karanta, ki ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ta tsaya miki a maƙogwaro. Su ne kayan baitocinki. Rubutacciyar waƙar Hausa tana da mabuɗi, da jiki, da marufi. Mabuɗi baiti ɗaya ne ko biyu na sunan Allah da salatin Annabi. Marufi addu'a ce, da sunan mai waƙa in ta so, da shekara. Malamai na dauri sukan ɓoye shekarar a cikin haruffa, abin da ake kira ramzi, amma ke ki rubuta ta da lambobi. Jikin shi ne naki. Ga mai farawa, ƙwar biyu ta fi sauƙi, wato kowane baiti ɗango (layi) biyu, kuma ɗango na biyu a kowane baiti ya ƙare da sauti ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Wannan sauti shi ne amsa-amo. Ƙwar biyar tana da kyau a kunne amma tana neman amsa-amo iri biyu, na cikin baiti da na ƙarshensa, kuma takan sa sabon hannu ya cusa kalmar da ba ya nufi don kawai sauti ya dace. Ki bar ta tukuna. Baiti bakwai zuwa goma sha biyu sun isa waƙar farko.

Ki zaɓi amsa-amo mai yalwa. Tunda da ita kike magana, "ki" zai zo miki da kansa. In labarinta kike bayarwa, "ta" ko "wa" ko "na". A ce a wasiƙarki kin rubuta cewa takalmanta na makaranta suna bayan ƙofa kin kasa ɗauke su, kuma yau kin dama koko da rabonta ba ki sani ba. Ga yadda za su iya zama:

Takalmanki na nan a bayan ƙofa,
Na kasa kai hannu in ɗauke miki.

Kokonki na safe na dama shi yau,
Ya huce a kofi yana jiran ki.

Ban ce don me ba, kuka kawai nake,
Wanda ya ba ni ke, shi ya karɓe ki.

Kowane ɗango a nan gaɓa goma sha ɗaya ne. Ki ƙirga da yatsu: ta-kal-man-ki-na-nan-a-ba-yan-ƙo-fa. Masana aruli, wato ilimin auna karin waƙa, suna auna nauyin gaɓa ma, domin "gi" a cikin "gida" gajera ce, "da" kuma doguwa, kuma daga jerin gajeru da dogaye ake samun karuruwa irin su mutaƙarab da kamil da rajaz. Ba ki bukatar sanin sunayensu. Hanyar da marubuta da yawa suke bi ita ce su ɗauki karin da ke bakinsu, na ƙasidar da suka haddace a makaranta ko na reno da uwa take yi wa jariri, su riƙa rera sabon layi a kansa. Duk inda harshe ya yi tuntuɓe, ko kika ji sai kin ja wata gaɓa fiye da yadda ake faɗarta, a nan matsalar take. Gyaranta iri uku ne: ki cire ƙaramar kalma kamar "kuma" ko "dai", ki sauya wurin kalmomi biyu, ko ki nemo wata kalma mai ma'ana ɗaya da tsawo daban. In gyaran zai kashe gaskiyar layin, ki bar shi da tuntuɓensa. Ki kuma lura cewa a baitoci biyun farko ba a ambaci baƙin ciki ba sam, takalmi da koko sun ɗauke shi. Baiti ɗaya, abu ɗaya. In kika tara siffofi, kyakkyawa, mai hankali, mai ladabi, mai jin magana, za ta koma 'yar kowa.

Wuri na farko da abin yake lalacewa shi ne ranar rasuwar. Uwar da ta rasa ɗa bayan gajeriyar rashin lafiya kusan kullum tana da "da na sani": da na kai ta asibiti tun daren farko, da ban saya mata magani a kemis ba. In kika bar biro ya bi wannan hanya, za ki cika littafi da shafi ɗaya sau hamsin, kuma kowane maimaici yana ƙara zurfafa ramin ne. Annabi ya gargaɗe mu cewa "da a ce" tana buɗe aikin shaiɗan. Abin yi shi ne ki rubuta kwana ukun nan sau ɗaya tak, da rana, bi da bi, abin da ya faru da abin da kika sani a wancan lokacin, ba abin da kika sani yanzu ba. Ki sa har da abin da kika yi mata: goyon, shafa ruwan, kwanan zaune. Sai ki naɗe shafin ki manne shi. Alamar da za ki gane rubutu yana tafiya ita ce sabon abu yana shigowa cikinsa. In kin duba shafukan mako biyu kika ga kalmomi iri ɗaya ne suke juyawa, ki ajiye littafin kwana goma, ki nemi mutum ki yi magana da baki. In kuma akwai tambayar da ta tsaya miki a kan ciwon kansa, ki koma asibitin ki nemi likita ya yi miki bayani, domin takarda ba za ta amsa wannan ba.

Na biyu shi ne zargi. Zafi yana neman wanda zai ɗora wa laifi: miji, kishiya, ma'aikaciyar jinya, ko wata tsohuwa a gida da za a ce maita. Ki rubuta fushinki in ya zo, amma a takarda daban, ba cikin waƙar ba, kuma kada ta fita ɗakinki. A zango magana ba ta kwana wuri ɗaya, kuma baitin zargi ya fi maganar baki daɗewa.

Wannan ya kawo mu ga yaɗawa. Maƙwabtanmu Asante suna da al'adar waƙoƙin makoki da karanta yabon mamaci a bainar jama'a, kuma zamanmu tare ya sa wasunmu suna jin dole ne a fitar da komai. Ba dole ba ne. In kina son sa ta a Facebook ko a WhatsApp, ki jira aƙalla wata uku bayan kin gama ta, ki shawarci babanta domin shi ma 'yarsa ce, kuma ki yi tunani kafin ki haɗa da hotonta, tunda abin da ya fita ba ya komowa. Ki shirya jin masu cewa "ai za ki haifi wata" da masu yi miki wa'azin haƙuri. Mutum ɗaya mai iya saurare ba tare da gyara miki ba ya fi ɗari masu danna alama.

Babanta wataƙila ba ya magana, ya koma shago ko tasha tun kwana na huɗu. Kada ki ɗauka bai damu ba. Ki ajiye masa kwafe ki bar shi ya karanta shi kaɗai, kada ki tsaya a kansa kina jiran abin da zai ce. Ƙannenta kuma ki ba su shafi a bayan littafin, su zana ko su faɗa ki rubuta. Ki gaya musu ta rasu, da wannan kalmar. In aka ce wa yaro ta yi tafiya zai yi ta jiran ta a ƙofa, in aka ce tana barci zai ji tsoron kwanciya.

Akwai inda littafi bai isa ba. A wata na huɗu, kuka kullum da rashin son shiga mutane ba abin mamaki ba ne. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, ta sa baƙin cikin da ya zarce wata shida da tsanani, yana hana mutum tafiyar da rayuwarsa fiye da yadda aka saba a al'adarsa, a cikin abubuwan da ake yi wa magani. In kin kai wannan lokaci ba ki iya girki, ba ki iya kula da sauran yara, ko tun yanzu ma ba ki ci ba ki barci kina ramewa, ki je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, ko ki tambayi ma'aikaciyar jinya ta wannan fanni a asibitin gwamnati mafi kusa da ke. Zuwa can ba hauka ba ne, kuma ba ya hana addu'a. In kuwa tunanin bin ta ya taɓa zo miki, ko kika ga kin rubuta shi a littafin, kada ki jira wata shida, kada ki jira gobe. Ki faɗa wa mijinki ko 'yar'uwarki a ranar, su raka ki asibiti, kada a bar ki ke kaɗai, kuma in abin ya matsa cikin dare a kira 112.